Audugar Kaka

Jiya ina cikin mota muka wuce masu gyaran titi, injin fasa dutse yana ta ruri har haƙorana suna amsawa. Ban san lokacin da na kai yatsa kunne ba, sai kuma ƙanshin man shanu ya faɗo mini a rai.

Ina yarinya, lokacin da ake gyaran hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi, Baba yana cikin masu fasa dutse. Da guduma suka fara, daga baya aka kawo wani inji mai niƙa tsakuwa, aka sa Baba yana ɗura masa duwatsu saboda ƙarfinsa. In ka san bazarar ƙasarmu ba sai na yi maka dogon bayani ba. Kafin azahar dutse ya ɗauki zafin da ba ka iya taka shi da ƙafa.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta ɗora wa kanta tsaron lafiyarsa. Da yake ɗan farinta ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wannan". Kullum da safe za ta cika masa gora da ruwan tsamiya da ɗan gishiri, ta jiƙa tsohon rawani ya sa a ƙarƙashin malafa. Sannan ta tsinko auduga daga wadda take kaɗi da ita, ta murza guda biyu da man shanu, ta miƙo mini.

"Kai ma wannan, ki ce shi toshe kunne. Abin nan da ka kuka tun daga garin Makera ana jin shi, ba abokin zama ba ne."

Gora da rawani kam Baba bai taɓa wasa da su ba, don ya ga abin da rana take yi. Akwai wani abokin aikinsa ɗan garin Tamawa da gumi ya ɗauke masa ana tsakar aiki, yana ta alfahari wai jikinsa ya saba da zafi. Bai rufe baki ba ya yanke jiki ya faɗi. Da ƙyar aka ceto shi a inuwar marke, ana yayyafa masa ruwa ana fifita. Tun daga ranar, in rana ta take kowa ya nemi gindin bishiya sai ta karya.

Amma auduga? Abokansa suka sa shi gaba da tsiya, wai ƙaton namiji da auduga a kunne kamar mai jego. Baba kuwa Allah ya jiƙansa, akwai gudun abin magana. Sai ya sa ta a gaban Kaka, in ya kai zaure ya cire ya cusa a wani ramin bango. Wata rana Kaka tana shara ta ci karo da ramin cike taf da auduga. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya a bayansa da yamma yana alwala ta ce, "Sannu da aiki." Shiru. Ta sake. Bai juyo ba. Na ga ta koma ɗaki tana share ido da bakin zane.

Daga nan ya riƙa sa audugar da gaske, amma jin da ya tafi bai dawo ba. Mutumin da yake tashin gida duka in ladan ya kira asuba, ya koma sai an taɓa masa ƙafa.

Da na yi haihuwar fari na zo wanka gida, aka miƙa masa jaririyar tana tsala kuka har maƙwabta suna ji. Ya rungume ta a kafaɗa yana murmushi ya ce, "Kai, ɗiyar nan akwai haƙuri, ko kuka ba ta yi." Kowa ya yi dariya, ni kuwa har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

Yanzu an samu ci gaba. Ga hular kwano, ga tankin ruwa, ga rumfa, ga abin rufe kunne mai kyau wanda Kaka ko a mafarki ba ta gani ba. Amma yaron da na gani jiya a bakin injin, nasa a wuya ya rataye shi. Na sa direba ya tsaya, na leƙo na ce, "Ɗana, mayar da abin nan kunnenka."

Ya matso, ya karkato kai ya ce, "Na'am, Hajiya? Mi kika ce?"