Makullin Murtala da Na Sa Aka Goge

Shekara huɗu ke nan da muka kai ƙanena Murtala makwancinsa a Gummi, kuma har makon jiya akwai masu zaginsa a intanet wai ya ƙi amsa saƙo.

Idan ka shiga manhaja da lambar sirrinka, akwai 'yar shaidar da ake miƙa wa wayarka, ba ka ganinta. Murtala ya rubuta abin da ke sa wa shaidar hannu don kada a yi jabunta, ya kuma matse ta ta ƙanƙance yadda za ta wuce ko a sabis mai rauni irin na Bukkuyum, inda yake koyarwa. Ya sake shi kyauta. Mutanen ƙasashen da bai taɓa takawa ba suka ɗora harkokinsu a kai, shi kuma yana ta gyara musu. Ni kuwa gadin rijiyar da ba tasa ba nake ce wa aikin, a gabansa, har ya rasu.

Ranar rabon gado malam ya lissafa kwamfutarsa tare da babur da buhunan gero, ta faɗo a rabona. Na kai ta wurin mai gyaran waya a kasuwa.

"In goge ta dut?" ya tambaye ni.

"Goge ta, ka zuba min finafinai," na ce.

Sai bayan wata uku wani abokin aikinsa daga Anka ya gaya min cewa makullin sirrin da ake sakin kowane sabon gyara da shi yana ciki, kuma babu kwafinsa ko'ina. Minti goma ya ishe ni rufe aikin shekara bakwai.

Daga nan aka gano ɓaraka a aikin, babu mai ikon toshe ta. Masu amfani da aikin suka yi wa Murtala caa. Malalaci, in ji wani. Wani ya ce irinsa bai kamata a bar shi kusa da kwamfuta ba. Na daure na rubuta musu cewa ya rasu. Amsar farko ta zo kafin in ajiye waya: to, makullin yana hannun wa? Kunya ta sa na rufe shafin.

Da zai dawo yau, na san zagin ba zai dame shi ba. Zama zai yi ya toshe ɓarakar, har ya ba su haƙurin jinkiri. Wannan halin nasa ne ya fi ci min rai.

Yanzu wasu sun kwafi aikin, sun sake masa suna, sun cire nasa. Layukan da ya rubuta suna nan suna buɗe wa mutane ƙofa kullum, zagin kuma yana tsohon shafi, ƙarƙashin sunansa.

Inna ta tsufa, ba ta san ko ɗaya ba. Jiya ta ce min, "Waɗanga mutane da yay yi ma wahala, suna yi mai addu'a dai ko?"

Na ce mata kullum suna ambaton sunansa.