Carbin da Manjo Saratu ta bar mini

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Mama Saratu, yayar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni a gidanta na Barnawa tun ina 'yar firamare. A coci Mama ake ce mata, amma tsofaffin sojojin da ke zuwa gaishe ta Manjo suke kiranta, su ƙame a ƙofar falo kamar ba su da ciwon gwiwa. Tana cikin matan farko daga yankinmu da suka shiga aikin jinya na soja, lokacin da mace mai kaki abar nunawa da baki ce. Kakanmu ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwarta.

Ba zan ce tana da sauƙin hali ba don kawai ta rasu. Sai ta duba farcenmu kafin mu sa hannu a kwano, gado kuwa in zanin bai miƙe ba sai an sake gyarawa. Na sha kuka a hannunta.

Amma tana da wata al'ada da ban gane nauyinta ba sai da na girma. A lokacin yaƙin basasa, duk sojan da ta ga ba zai tashi ba, sai ta tambaye shi sunan uwarsa da garinsu. Da ta yi ritaya, ta riƙa tsayawa a bakin titin Gonin Gora tana tarar mota, ta bi iyayen nan ɗaya bayan ɗaya. Takan ce takardar hukuma mutuwa kawai take faɗa, uwa kuwa yadda ɗanta ya cika take son ji.

Mutum ɗaya ya gagare ta, wani matashi Lawal. Abin da ya iya faɗa mata shi ne uwarsa Asabe, tana tuyar ƙosai a Kaduna, sannan ya damƙa mata carbinsa. Asabe mai ƙosai nawa ce a garin nan? Ta yi shekaru tana cigiya. Carbin yana cikin akwatinta kusa da Littafi Mai Tsarki, da zarensa ya tsinke ma ita ta sake shirya shi da zaren ɗinkin rauni. Sai da ɓarin jikinta ya shanye sannan wani tsohon saje ya gano gidan a Tudun Wada, ya ce tsohuwar tana nan da ranta.

Mama ta kira ni, ta sa mini carbin a tafin hannu. Ta ce, "Ki gaya mata bai cika shi kaɗai ba. Na ɗauko wani ɗan'uwansa Musulmi daga kan gado ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya kuma faɗa da bakinsa."

Na yi alkawari, ban je ba. Rikice-rikice sun riga sun raba garin, mu muna wannan ƙetaren kogin, su suna wancan. Nakan haye gada in je kasuwa, amma shiga lungun da ban san kowa ba da saƙon mutuwa, tsoro ya hana ni. Yau na ce gobe, gobe na ce jibi. Da Mama za ta leƙo ta ga yadda muke tambayar sunan mutum kafin mu ba shi hayar ɗaki, na san harara za ta riga magana. Ita da ta wanke jinin ɗaruruwan 'ya'yan mutane ba ta taɓa tambayar ina suke ibada ba sai don ta san wa za ta kira musu.

A watan jiya kunya ta fi ƙarfin tsoro, na hau keke Napep na tafi. Ban sha wahalar neman gidan ba, abin da ya fi ba ni haushin kaina ke nan. Wata dattijuwa, Hajiya Rabi, ƙanwar Lawal, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa tun kafin ta ji abin da ke tafe da ni. Da na isar da saƙon, ta karɓi carbin ta riƙe shi da hannu biyu.

Sannan ta ce, "'Yata, Inna ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Har ranar ƙarshe tambayarta ke nan, ko ya cika da kalmar shahada."

Ba ta zarge ni ba, addu'a ma ta yi wa Mama, ta rako ni har bakin titi. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Shekara takwas amsar tana cikin jakata, tsohuwa tana jira a tsallaken kogi. Da-na-sani ƙeya ce.

Lambobin yabon Mama suna rataye a falo, sun fara dusashewa. Abin da bai dusashe ba shi ne abin da ta koya mini a makare: zumunci a ƙafa yake, alkawari kuma yana da wa'adi. Ita ta riƙe nata shekara arba'in ba ta gaji ba. Ni tafiyar rabin awa aka ba ni.