Ciyawar Lorraine

Tun kafin rana ta leƙo daga bayan duwatsun gabashin Las Vegas Orval Brandt yake fitowa da tiyo, yana ba ciyawar ƙofar gidansa ruwa. Tsohon bakaniken bas ne. Matarsa Lorraine ce ta shuka ciyawar shekarar da suka tare, da ta rasu kuwa shi ya gaji aikin. A wannan ɗan lokacin na ban ruwa ne kaɗai wani ke yi masa magana. Masu zagayawa da karnuka sukan tsaya su ce ciyawar ta yi kyau, su wuce. Ɗansa yana can arewa, sai waya jefi-jefi.

Ana nan sai ƙungiyar masu gidajen unguwar ta yanke cewa ciyawar ado tana shanye ruwan da babu shi. Kowa ya cire, ya zuba tsakuwa, ya dasa tsirran hamada. Orval bai je taron ba, bai kuma yi gardama ba. Ranar da Ramiro mai aikin lambu ya kawo mu, mu yaran aikinsa, muka naɗe ciyawar kamar darduma, Orval ɗin ne ya riƙa miƙo mana ruwan sanyi. Wajen lodi muka ga an yanke gefen wani naɗi da wuƙa. Ba wanda ya tambaya.

Washegari da asuba ya fito da tiyo kamar kullum. Hannu ya riga ya saba. Ya shayar da sababbin tsirran sai da tsakuwa ta yi sheƙi, gobe ma haka, jibi ma haka. Kafin zafi ya wuce duk sun ruɓe daga saiwa.

Ramiro ya dawo canza su, ya tsoma yatsa a ƙasa, ya ɗago da taɓo.

"Baba Orval, shinkafa kake nomawa ba ka faɗa mana ba?"

"Na ga kamar suna jin ƙishi."

"Ƙishin me? A nan aka haife su, kai ne baƙo. Ƙyale su ake yi. Ka manta da su, su rayu."

Tsohon ya dubi tiyon da ke kwance a gefe.

"To ni me zan yi da safe?"

Ramiro ya goge yatsa a wando, ya koma kan shebur.

Tun daga nan tiyo ya koma gareji. Tsirran suka kama, har wasu suka yi fure ruwan ƙwai. Masu karnuka suna wucewa, babu kowa a ƙofar da za su gaisar.

Zuwanmu na ƙarshe na zaga bayan gidan ɗauko baro. Sai ga Orval yana durƙushe a inuwa gaban wani tsohon daro, ciyawar da ya yanka tana ciki, koriya shar. Ya juye mata ruwan ɗaurayar kwanuka daga kofi. Sannan ya ciro almakashi daga aljihu, ya shiga daidaita mata kai, bai waiwayo ba.