Ina Kallon Kyoto a Waya, 'Yata Na Roƙon Ruwa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni matar ɗalibi ce a Riyad, ban kai shekara talatin ba. Maigidana yana digiri na uku a fannin hadisi, ya yi ta fafutuka har aka ba mu iƙama, wato takardar izinin zama, ni da 'yarmu, muka baro Katsina muka same shi. Muna zaune a wani tsohon bene a unguwar Al-Oud, ɗaki biyu da kicin, tagar falon bangon maƙwabta take kallo. A gidanmu ni ce uwar surutu, har mahaifiyata kan ce in na yi shiru to barci nake.

A shekararmu ta biyu na haifi ɗa namiji, bai zo da rai ba. Maza suka kai shi makabartar unguwar, ni ko fuskarsa ban gama gani ba. Da a gida ne, da ɗakina ya cika da gwaggonni da 'yan uwa har in yi arba'in. A nan kuwa matan ɗalibai suka zo 'yan kwanaki da kuloli, Allah ya saka musu, sannan kowa ta koma hidimarta. Maigida in ya fita tun safe sai bayan magariba. In mahaifiyata ta kira, sai in ce lafiya lau, don kada hawan jininta ya tashi.

Maigidan ne ma ya ba ni shawara in riƙa kallon abubuwa masu fassarar Larabci a ƙasa, ko harshen ya zauna mini. A haka na ci karo da wani fim ɗin Japan da aka yi a Kyoto, tsohon babban birninsu kafin Tokyo. Lunguna ne matsattsu, gidajen katako, ƙofofin takarda da ake turawa gefe, ruwan sama na sauka a hankali kan duwatsu. Akwai wata mata a ciki da ta yi rashi, ba ta yi kuka ba, ba ta faɗa wa kowa ba, sai dai ta durƙusa ta zuba wa baƙi shayi tana murmushi. Na ji kamar ni aka ɗauka. Daga nan na shiga neman duk wani fim da aka yi a garin, na masaƙan siliki, na tsofaffin iyalai, na zamanin masu takobi. Na san gadar kogin garin da jajayen ganyensu na lokacin kaka fiye da hanyar kasuwar Batha da ke Riyad. A waje zafi kamar ana hura wuta, ni ina kwance da abin ji a kunne ina sauraren ruwan saman wata ƙasa. Na daina zuwa karatun mata. Maƙwabciyata, wata baiwar Allah 'yar Damagaram mai aikin shara a wata makaranta, ta sha ƙwanƙwasa ƙofa in yi kamar ba na nan.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ce. 'Yata tana da shekara uku, Larabcin yaran bene ya fi Hausa yawa a bakinta. Ta zo ta ja mini zane tana cewa moya, wato ruwa. Na ce ta jira. Ta sake dawowa, na ture hannunta ba tare da na ɗago kai ba, don fim ya zo wajen da matar ke tsaye a tashar jirgin ƙasa. A kicin akwai gorar ruwa da na juye maganin buɗe makwararar banɗaki a ciki, saboda robarsa ta fashe. Kullum cewa nake zan ɗauke ta sama, ban ɗauke ba. Ita yarinyar ta ɗauka ta sha, ban ji ihun farko ba. Sai da ta rarrafo falo, leɓunanta sun yi fari, miyau na dalala, ta buɗe baki amma murya ba ta fita.

Na fita da gudu ba mayafi, na buga ƙofar matar da nake guje wa. Ita ta ƙwace yarinyar, ta hana ni ɗura mata madara, ta tare mota muka tafi asibiti. Yarinya ta rayu, amma maganin ya ƙone mata maƙogwaro. Ta daɗe ana ba ta abinci ta bututu.

A asibitin wata likita ta tsaya ta dube ni, ba yarinyar ba. Ta tambaye ni yaushe rabona da barcin kirki, da cin abinci, da yin hira da wani. Na ce ban tuna ba. Ta ce abin da ke damuna ciwo ne da ke kama mata bayan haihuwa, musamman in an rasa jaririn, kuma yana da magani. Da na faɗa wa maigida duk abin da ya faru, har ture hannun da na yi, na zaci zai ce in koma gida. Sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce shi duk watannin nan godiya yake wa Allah da ya ba shi mace mai haƙuri, har misali yake da ni a cikin abokansa. Bai taɓa tambayata me nake kallo ba, ni ma ban taɓa cewa ina nutsewa ba.

Yanzu 'yata tana firamare. Ba ta iya haɗiye nama ko busasshen burodi, kuma lokaci-lokaci sai an koma an buɗa mata maƙogwaron. Duk ranar da za a shiga da ita takan riƙe hannuna gam, ba ta san hannun ne ya ture ta ba. Wata rana dole in faɗa mata.

Ban ɗora wa finafinan laifi ba, masu kyau ne, ni ce na mai da su wurin ɓuya. Shirun da na gani a cikinsu na ɗauka shi ne haƙuri, alhali haƙuri bai hana mutum ya ce yana jin ciwo ba. 'Yan uwana mata da ke zaune a ƙasar mutane, in baƙin ciki ya danne ku ku faɗa, ku je asibiti, kada kunya ta hana ku. Kada ku taɓa zuba wani magani a gorar ruwan sha. Ku kuma maza, in matarku mai magana ta koma shiru, kada ku yi murna. Ku zauna ku tambaye ta, in ta ce ba komai, ku sake tambaya.