Luguden da Ya Shiga Akwati

Damina biyu bayan yunwar da ta ƙarar da shanun Damargu, soja sun riga sun karɓi mulki, ni kuwa ina goyon ɗana na uku, wani mutumin Yamai ya sauka garinmu, nan ƙasar Olelewa, da akwatin ɗaukar silima. Ba gwamnati ta aiko shi ba. Shi kaɗai ne, akwatin ma na aro, ga nauyi kamar dutsen niƙa.

Ya ce mu mata mu zauna gindin rumbunan da suka rushe, mu riƙe ƙore babu komai ciki, mu sunkuyar da kai, duniya ta ga abin da ya same mu. Mata suka fara ɗauko ƙore. Ni na tsaya da taɓaryata.

Na ce, “Malam, a nan ba a nuna wa baƙo rumbun da ba hatsi, tona asirin maigida ne. Kana ina sa'ad da yunwa ta sa muke cin anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci? Bana mun yi gero. Shi za ka ɗauka.”

Ya ce, “Baiwar Allah, zaren ɗaukar hoton da ke cikin akwatin nan saura naɗi ɗaya, kafin a shanye fura ya ƙare. A ƙasar Nasara ake wanke shi, ni kaina ba zan gani ba sai ya dawo. In kika kuskure, shi ke nan.”

Na ce, “Ni? Tambayi garin nan ko an taɓa jin taɓaryata ta faɗi.”

Na kira ƙanwar mijina da maƙwabciyata, muka zuba gero a turmi, muka kama lugude. In cilla taɓarya sama, in tafa, in cafe. Akwati na ta ƙurrr har ya yi shiru.

Sai da wata damina ta wuce aka kafa farin zanen nuna silima a Tanut, muka tafi bisa jakuna. Ga ni nan, na fi ɗaki tsawo, taɓarya na tashi, gero fal turmi. Ko rumbu ɗaya bai fito ba. Mijina, da ba ya yabon kowa, ya yi ta gyaran murya.

Yanzu jikata ke irin wannan aikin da salula. Ta ɗauka, ta duba nan take, ta goge, ta ce, “Tsohuwa, sake.” Na ce, “Ke, ƴar nan, ni sau ɗaya nake yi.”

Ƙanwar mijina ta riga mu gidan gaskiya. Mai akwatin ban sake jin labarinsa ba. Saura ni da maƙwabciyata, tana Belbeji wurin ɗanta, ido ya tafi amma baki na nan. Har yau cewa take taɓaryarta ta fi tawa tashi. Ƙarya take, duk Tanut ta gani.