Gonar da Na Cire wa Inuwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Aboabo, unguwarmu a Kumasi, ni da wani ɗan'uwana, muka hau tirotiro, wato motar haya, mai zuwa yamma da Kumasi. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ramukan hanya ma haka, sai dai su kyauta ake ba mu. A wata tasha muka karya da wake da shinkafa a ganye, mai sayarwa tana aunawa kamar magani.

Gonar koko za mu, wadda mahaifina ya samu zamanin da yake fataucin goro. Wani dattijon Asante ke noma ta, muna raba amfani. Shi ya aiko cewa zai bari, kuma masu galamse, wato masu haƙar zinariya, suna son wurin. Dole in ce e ko a'a.

Duk rafin da muka ƙetare ya koma kalar shayi da madara. Na ga kogin Kwara, na ga Nilu lokacin ambaliya, ban ga ruwan da ya mutu irin wannan ba.

Da hantsi muka isa. Ban gane gonar ba. Ina yaro, da rana tsaka ma duhu-duhu ake shiga, ƙafa tana nutsewa cikin ganye. Yanzu rana ce tsirara, itatuwan koko sun bushe daga sama. Ba kuma galamse suka yi wannan ba. Ni ne. Shekarun baya na buga waya daga shagona na ce a sare manyan itatuwan da ke yi wa gonar inuwa, koko ya sha rana. A Maradi da Sudan na ga gona fili ce, kuma mu 'yan Zongo mun taso da cewa ƙasar kurmi ba ta gajiya: wadda ta ɗauki itatuwa irin waɗannan, me zai gagare ta? Dattijon ya hana ni, na ce masa na fi shi ganin duniya. Da fari koko ya zuba 'ya'ya, na yi ta cika baki a majalisa.

Yau dattijon bai tuna mini da wannan ba. Adda ya miƙo, ya ce in sari ƙasa. Na sara, addar ta yi tsalle, ƙasar ja wur, tauri kamar bulo. Ya ce ruwan sama bisa yake bi ya wuce, takin da nake aikowa ya bi shi. Sannan ya kai ni bakin wani ɗan kurmi da mutanensu ba sa taɓawa. Da yatsa na tona. Baƙa ce, da danshi, da tana, da ƙanshin nan da na manta. Amma ban kai zurfin tafin hannu ba na iske ja a ƙarƙashi, irin tawa sak.

Ya ce da harshensu na Twi, "Alhaji, duk arzikin ke nan. Ganyen da ke zuba ne. Ka cire mai zubawa."

Na tambaye shi in an sake dasa itatuwa fa. Ya ce za ta farfaɗo, amma ba da idona ko nasa ba. Na roƙe shi ya zauna, ya ce gwiwarsa ta ƙare. Duk da haka na ce ya gaya wa masu galamse ban bayar ba.

Gab da magariba muka dawo. Hanya duka ina tunanin harsuna biyar da nake ji da ƙasashen da na taka, ga ƙasar da ke ciyar da ni ban taɓa tona ta da hannu ba sai yau. Na tara 'ya'yana na ce dashe za mu yi, su za su sha inuwar. Can babban ya gyara zama, ya ce, "Baba, su masu galamsen, sun bar lambar waya?"