Neman Bajamushe Saboda Kabarin Baban Rifkatu

'Yan'uwana na zumuntar mata a Jos, ina gaishe ku. Kun san ban yi boko ba, don haka ni ke faɗa, 'yata Rifkatu tana rubutawa a gidanta da ke Old Trafford a Manchester. Inda kuka ga magana ta yanke, kuka ne ya tsayar da ni.

Kun san Baban Rifkatu ya yi shekara biyu a Jamus yana koyon gyaran injuna tun kafin ya aure ni. Ana saura kwana kaɗan ya rasu ya riƙe hannuna ya ce, “Ladi, ki yi mini kabari irin na Jamusawa.” Na ce to, ban tambaya ba, don ban yarda tafiya zai yi ba. Yanzu ga yayansa, Yaya Dauda, ya tara siminti da tayil, yana jiran in ce a zuba kafin addu'ar cika shekara a watan Janairu. Ni kuwa ban san irin kabarin da mijina ya roƙa ba. Rifkatu ta nuna mini hotuna a waya, wasu dutse, wasu ciyawa, na ƙara rikicewa. Na ce ni mutum nake so, mai baki, wanda ya taɓa binne nasa a can.

Asabar, fita daga Manchester

Mun fito da asuba, ko da yake a wannan ƙasa da sanyi har ƙarfe takwas ma duhu ne. Kwana biyu kafin nan mun gwada kasuwar Kirsimeti ta tsakiyar Manchester, inda aka ce akwai Jamusawa. Na farko da muka tambaya ɗan Poland ne. Na biyu ya sa hular Jamusawa har da gashin tsuntsu, amma ya yi dariya ya ce shi ko jirgin sama bai taɓa shiga ba. Shi ne ya ce mu je Birmingham, can ne suke zuwa da yawa duk shekara.

Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa tasha, muka shiga babbar bas ta ƙarfe bakwai. Direban ya ga ina fama da matakala ya miƙo hannu, na ce masa Allah ya yi albarka, ya ce wani abu da Rifkatu ta fassara mini da “ba komai, masoyiya.” Na ce yau ga rashin kunya da sassafe. Ta ce haka suke ce wa kowa, har ɗan sanda.

Tafiyar ta kai awa biyu da rabi. Ina ta zuba ido in ga shingen 'yan sanda, ban ga ko ɗaya ba, sai tumaki masu ƙiba a filaye ba makiyayi. A hanya Rifkatu ta sake ɗauko maganar da take yi tun zuwana: in kulle gidan Jos, in riƙa yin rabin shekara wajenta, rabi wajen ƙaninta a Abuja.

“Mama, wa ya rage miki a can? Ke kaɗai a gida, ga ƙafa, ga hawan jini. Nan ga GP, likitan unguwa, kusa.”

Na ce a bari mu gama da wannan tukuna.

Lozells

Mun sauka a unguwar Lozells ta Birmingham, gidan Maman Talatu, 'yar Kagoro, wadda ke zuwa coci ɗaya da ƙawar Rifkatu. Gidajen unguwar manne suke da juna kamar haƙora. Ta ba mu gwate mai zafi da yakuwa, na ci har da ƙari, rabona da shi tun gida. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta kira wata ɗaliba, Bilkisu, 'yar Zariya, da ke karatu a jami'ar Aston. Tana koyon Jamusanci don za ta je can bincike.

Bilkisu ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini ta'aziyya kamar ta san shi. Na tsare ta da tambayoyi. Me ya sa mijina ke cewa shi Jamus ta Yamma ya je, biyu ce? Ta ce a lokacinsa biyu ce. Bayan yaƙin duniya na biyu aka raba ƙasar, har aka gina katanga a tsakiyar birnin Berlin, wa yana wannan gefe ƙani yana wancan, sai a 1989 mutane suka fasa ta. Nan na tuna ranar da mijina ya zauna gaban rediyo ya ƙi cin tuwo yana ta share ido, ni kuwa ina masa faɗa miya za ta huce.

Bilkisu ta ce ranar Lahadi shagunansu a rufe suke, kuma idan Bajamushe ya ce ƙarfe huɗu, to huɗu ne. Na ce ashe daga can ya kwaso wannan ciwo, shekara arba'in yana tsaye bakin ƙofa da agogo ina neman ɗankwali.

“Mama, bari in koya muku gaisuwa. Ku ce Guten Tag.”

“Gutun tak.”

“Kun ma fi ni a ranar farko. Na gode kuma, Danke ake cewa. Su ma suna da kalmar girmama babba, kamar yadda nake ce muku ku. Idan ba a saba ba, ba a ce wa mutum kai.”

Na ce to ashe suna da tarbiyya.

Kasuwar Jamusawa

Da la'asar muka shiga bas zuwa tsakiyar gari. Rumfuna ne na katako jere, fitilu ko'ina, hayaƙin nama yana tashi. Bilkisu ta ce yawanci alade ne, ita sai dai gyaɗarsu mai sukari. Rifkatu ta saya mini ruwan 'ya'yan itace mai zafi da kayan ƙamshi, fam biyar, aka ƙara kuɗin kofi, wai idan ka mayar a ba ka abinka. Na ɗanɗana burodin Kirsimetinsu mai zabibi, an barbaɗe shi da farin sukari. Yana da nauyi, yanka ɗaya ya ishe ni.

Masu rumfunan yawanci yara ne, wa zai tambayi yaro zancen kabari ana kiɗa? Sai can ƙarshen layi muka ga wata tsohuwa sa'ata tana sayar da kyandir. Na matsa na ce gutun tak. Ta ɗago ta amsa da fara'a, ta zubo magana, Bilkisu ta karɓa. Da Jamusancin ya ƙare wa Bilkisu sai su koma Turanci.

Tsohuwar ta ce mijinta ya shekara tara da rasuwa, a wani ƙaramin gari kusa da Frankfurt. Na ce a tambaye ta, da me suka rufe nasa, siminti ko dutse?

Ta girgiza kai. Ta ce dutse a wajen kai yake, da suna. Wasu suna rufe duka da dutse idan ba mai zuwa. Amma yadda aka saba, saman kabari ƙasa ce, ɗan lambu. Ana shuka fure, idan lokacinsa ya wuce a cire a sa wani, da sanyi a lulluɓe da rassan itace, a kunna kyandir. A maƙabarta akwai famfo da butocin ban ruwa a rataye. Ita duk Asabar take zuwa, ta cire ciyawa, ta ba shi labarin gari, ta gaisa da sauran matan da suka zo wa nasu. Yanzu da take nan, maƙwabciyarta ke zuba mata ruwa.

Ta ƙara da cewa a can haya ake yi wa wurin, bayan shekara ashirin da wani abu idan dangi ba su sabunta ba sai a ba wani. Na ce wannan kam su riƙe abinsu.

Sai na ce, “To idan an shuka ba mai zuwa fa?”

Bilkisu ta fassara. Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa ta ce, “Sai ya bushe, kowa ya gani.”

Nan na gane abin da mijina ya roƙa. Siminti sau ɗaya ake zubawa a tafi. Mutumin nan bai iya cewa kada ki bar ni ba, bai taɓa iya irin wannan magana ba. Na yi kuka a tsakiyar kasuwa, tsohuwar ta zagayo ta riƙe ni, ba mai jin harshen wani. Rifkatu ta juya baya tana kallon fitilu.

Lahadi, komawa

Bayan sujada na sa aka kira mini Yaya Dauda.

“Yaya, ku yi haƙuri, kada a zuba. A kewaye gefe kawai, a bar tsakiya ƙasa. Shuka zan yi.”

“Shuka? Ladi, kabari ne ko gona? Awaki fa? Ga rani, wa zai ɗebo ruwa?”

“A sa shingen waya saboda awaki. Ruwa kuma ni.”

Ya ce, “Ƙanina Bulus ke nan, ko ya mutu sai ya ba mutum aiki. Simintin sai in gyara ɗakin kaji.”

Maman Talatu ta ƙulla mana gwate a roba, Bilkisu ta raka mu har tasha. A bas Rifkatu ta yi ta kallon taga, na ɗauka fushi ne. Mun iso Old Trafford fitilun titi sun kama, ruwa yana yayyafi. Tana neman makulli a jaka ta ce, ba ta dube ni ba, “Mama, ki bar mini gefen ƙafa. Idan na zo da Ista zan shuka nawa.”

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Maman Talatu, da Bilkisu, Allah ya ba ta sa'ar karatu, da tsohuwar da ko sunanta ban tambaya ba. Ina nan tafe farkon Janairu. Wadda ke da irin fure mai jure rani a cikinku, ta ajiye mini.